Shin CORBA da ire-irenta za su gyara tsohon tsarin kwamfutar kamfanin wuta?

Tambaya: Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba wutar lantarki. Tsarin da ke lissafa kuɗin wuta da riƙe bayanan kwastomomi an rubuta shi da harshen shirin kwamfuta na COBOL tun da daɗewa, yana kan babbar kwamfutar IBM. Taswirar layuka tana wani tsarin, ƙorafin ɗaukewar wuta yana wani, karatun mitoci yana wani, kuma ba sa magana da juna sai ta fayil da ake kwashewa da dare. Wani mai ba da shawara ya ce mu zamanantar da su da fasahar objek da ake rarrabawa a kan na'urori, irin su CORBA. Mu bi shawararsa, ko gara mu sayi sabon tsari mu jefar da tsohon?

Amsa: Malam, mai ba ku shawarar ya yi daidai a abu guda, ya kuma makara a ɗayan. Daidai ɗinsa shi ne kada ku tumɓuke tsohon tsarin rana ɗaya. Ku gina masa ƙofa mai tsari wadda sauran manhajoji za su riƙa bi suna neman aiki a wurinsa, sannan ku riƙa zare ayyukansa ɗaya bayan ɗaya ta bayan ƙofar. Inda ya makara kuwa shi ne kayan aikin da ya ambata. Da a 1997 kuka kawo min wannan tambayar, da na ce ku ɗauki CORBA. Yau ba zan ba kowa shawarar ya ɗora sabon gini a kanta ba.

Objek curi ne na manhaja da ya haɗa bayanai da ayyukan da ake yi a kansu wuri guda. Asusun kwastoma, alal misali, yana ɗauke da lamba da suna da bashin da ake bin sa, yana kuma da ayyuka irin su karɓar biya ko lissafa tarar jinkiri. Mai kira bai damu da yadda aka jera bayanan a ciki ba. Ya san sunan aikin, ya san abin da zai miƙa da abin da za a mayar masa, shi ke nan. Masu tunanin rarrabawa sai suka ƙara mataki ɗaya: objek ɗin na iya zama a wata kwamfuta can, an rubuta shi da wani harshen shiri daban, amma a kira shi tamkar yana gefe.

Ƙungiyar OMG mai tsara ma'aunan manhaja, wadda aka kafa a 1989, ta fitar da CORBA a 1991 domin wannan buri. Ana rubuta yarjejeniyar kira da wani ƙaramin harshe mai suna IDL, wanda ba ya aiwatar da komai, ayyukan kawai yake bayyanawa. Daga wannan rubutun ake samar da mahaɗan da C++ ko Java ko COBOL za su yi amfani da su. A tsakiya akwai dillali, ORB, shi ke ɗaukar kiran ya kai inda objek yake ya dawo da amsa. A tsakiyar shekarun 1990 aka ƙara ƙa'idar sadarwa ta IIOP domin dillalan kamfanoni daban-daban su ji maganar juna a kan TCP/IP, ƙa'idar da intanet ke gudana a kai. Microsoft ya fito da nasa, DCOM, a 1996, kamfanin Sun ya sa nasa, RMI, cikin Java a 1997, EJB ta biyo baya a 1998. Ba abin mamaki ba ne da kamfanonin wuta da na ruwa da na iskar gas suka rungumi abin: lissafin kuɗi a kan IBM, taswira a kan Unix, masu amsa kiran kwastomomi a kan Windows, ga kuma fasaha da ta yi alkawarin haɗa su ba tare da an sake rubuta kowa ba.

Matsalar tana cikin alkawarin kansa. A watan Nuwamba 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa uku a ɗakin binciken Sun suka fitar da wata takarda da ta nuna cewa kiran nesa ba zai taɓa zama kamar kiran gida ba, komai kyan rufin da aka yi masa. Sun kawo dalilai huɗu: jinkiri, rashin tarayya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ayyuka da yawa na gudana a lokaci guda, da lalacewar ɓangare ɗaya alhali sauran na aiki. Na farko da na ƙarshe su ne za su cije ku.

Ɗauki jinkiri. A ce allon ma'aikacin amsa kira yana nuna bayanai 30 game da kwastoma. Idan an ƙera objek yadda aka saba a cikin shiri ɗaya, kowane bayani da kiransa: ba ni suna, ba ni adireshi, ba ni lambar mita. A cikin kwamfuta ɗaya kira 30 ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido. A kan netwok, mu ƙaddara kowane kira yana cin milisakan 5, allo ɗaya ya ci 150, har yanzu ba laifi. To sai wuta ta ɗauke a layin da ke ciyar da kwastomomi 2,000, shugaban aiki ya buɗe jerinsu: kira 60,000, daƙiƙa 300, wato minti 5 yana kallon allo. Kuma a irin wannan lokacin ne kowa a kamfanin ke tambayar tsarin a tare. A ɗakin gwaji, inda ake da kwastomomi goma na wasa, ba a taɓa ganin wannan.

Lalacewar ɓangare ɗaya ta fi muni domin kuɗi take taɓawa. Kwastoma ya biya, manhajar karɓar kuɗi ta kira asusunsa ta ce a rage bashi, sai wa'adin jira ya ƙare ba amsa. Me ya faru? Wataƙila kiran bai isa ba. Wataƙila ya isa, an rage bashin, amsar ce ta ɓata a hanya. Mai kira ba shi da hanyar bambancewa. In ya sake kira yana iya rage bashin sau biyu, in bai sake ba yana iya barin wanda ya biya a cikin jerin waɗanda za a yanke wa wuta. A cikin shiri ɗaya wannan hali ba ya faruwa, ko dai komai ya mutu tare ko komai ya yi aiki. Fasahar da ta ɓoye wa mai shirya manhaja cewa yana tsallaka netwok ta ɓoye masa tambayar da ya fi kamata ya yi.

Ban da wannan akwai halin da kayan suke ciki yanzu. An cire CORBA daga Java tun fitowa ta 11 a watan Satumba 2018, saboda haka duk wanda zai yi amfani da ita sai ya nemo dillali daga waje ya riƙa kula da shi da kansa. Adireshin objek a CORBA yana ɗauke da sunan na'ura da lambar tashar da take saurare, abin da ke sa wucewa ta katangar tsaro ko ta na'urar da ke sauya adireshi ya zama ciwon kai. DCOM kuwa, Microsoft ya ƙarfafa tantancewarta saboda wata ɓarakar tsaro, ya kuma mai da sabon tsarin dole a watan Maris 2023. Masana'antu da yawa da ke amfani da tsohuwar OPC, ƙa'idar musayar bayanai da injunan masana'antu, wadda aka gina a kan DCOM tun 1996, sai da suka bi kayansu ɗaya bayan ɗaya suna gyara. Sannan masu iya waɗannan fasahohin suna ƙara ƙaranci kamar yadda masu COBOL suke, kun ga kenan za ku musanya tsohon tsari ɗaya da tsofaffi biyu. Idan kuna da CORBA tana aiki a wani lungu, babu dalilin firgita: dillalai irin su TAO da omniORB da JacORB suna nan, ku bar ta har lokacinta ya zo. Sabon gini ne nake hana ku.

Abin da ya tsira daga wancan zamanin shi ne yarjejeniyar kira da aka rubuta daban da aiwatarwa. Wannan tunanin ya wuce cikin hanyoyin kira uku na yau, SOAP da REST da gRPC: yana nan a WSDL ta SOAP, yana nan a OpenAPI ta REST, yana nan a Protocol Buffers ta gRPC da Google ya saki a 2015, wadda duk wanda ya san IDL zai gane ta da kallo ɗaya. Bambancin shi ne yanzu an daina riya cewa netwok ba ya nan. Ana aika saƙo babba sau ɗaya, a karɓi amsa cikakkiya, kuma saba, wato kwamfutar da ke amsa kiran, ba ta riƙe wa mai kira wani objek a buɗe tana jiran ya dawo. Wanne za ku zaɓa a cikin ukun ba shi ne babban lamari ba. Ni REST nake sa wa duk abin da zai fuskanci wayar kwastoma ko bankuna, gRPC a tsakanin sabobi na cikin gida inda ake son sauri.

Game da ɗaya zaɓin naku, na sayen sabo a jefar da tsoho, tarihin wannan sana'ar bai goyi bayansa ba. Hukumar ruwa da wuta ta Los Angeles ta kunna sabon tsarin lissafin kuɗi a 2013, takardun kuɗi suka fita da kurakurai, aka caji mutane fiye da ƙima, maganar ta ƙare a kotu da mayar da miliyoyin daloli. A Birtaniya hukumar Ofgem mai sa ido kan makamashi ta sa kamfanin npower biyan fam miliyan 26 a watan Disamba 2015 saboda takardun kuɗi da suka makara ko suka fita ba daidai ba bayan ya koma sabon tsari. Kamfanin National Grid a Amurka ya kunna sabon tsarin manhajar SAP a watan Nuwamba 2012, daidai lokacin da ma'aikatansa ke fama da ɓarnar guguwar Sandy; albashi ya rikice, gyaran ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli. Manhajojin da suka saya sanannu ne, wasu kamfanoni suna amfani da su lafiya. Abin da ke kayar da irin wannan aiki shi ne tsohon COBOL ɗin ya haɗiye dokokin shekaru talatin da babu inda aka rubuta su sai a cikinsa: yadda ake raba kuɗi idan farashi ya canza a tsakiyar wata, yadda ake ƙiyasta karatu in ba a samu shiga wurin mita ba, wane rukunin kwastomomi ne doka ta hana a yanke musu wuta, ta wace hanya ake zagaye ragowar lissafi. Ba wanda ya san adadinsu sai ranar da suka ɓace.

To yaya ake sa wa tsohon tsari ƙofa? Wuri uku ake iya kama shi, kuma ba daidai suke ba.

Mafi sauƙi shi ne ta allo: a rubuta shirin da zai yi kamar ma'aikaci ne zaune gaban tsohon allon IBM samfurin 3270, mai layi 24 da gurbi 80, yana cike gurabe yana kwasar rubutu. Yana aiki cikin makonni, shi ya sa masu kwangila ke son sa. Amma ranar da wani ya matsar da gurbi ɗaya a allon, ko saƙon gargaɗi ya fito inda ba a zata ba, komai ya tsaya. Na yarda da shi ne kawai inda aka rasa ainihin rubutun shirin, kuma da ranar cire shi a rubuce.

Ta rumbun bayanai kai tsaye kuwa, wato sabuwar manhaja ta shiga DB2 ko fayilolin VSAM da kanta, karatu ba laifi, rubutu haramun. Dokokin da na ambata suna cikin shirin COBOL, ba sa cikin rumbun. Wanda ya rubuta kai tsaye ya tsallake su duka, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai aikin dare ya zo ya tarar da lissafi bai daidaita ba.

Hanyar da ta dace ita ce ta shirin kansa. Idan tsarinku yana kan CICS, manhajar IBM da ke gudanar da ma'amaloli a babbar kwamfuta, shirye-shiryen da aka raba aikin lissafi da aikin allo ana iya kiransu kai tsaye ta COMMAREA, wato jakar da ake miƙa wa shiri bayanai a cikinta, wadda iyakarta kusan kilobait 32 ce. Tun 2005 an ƙara hanyar wuce wannan iyakar, kuma IBM yana da z/OS Connect da ke mai da irin wannan kiran REST. Wahalar ita ce tsofaffin shirye-shirye da yawa sun cakuɗa allo da lissafi a wuri ɗaya, sai an zauna an tsefe su. Wannan tsifar ita ce ainihin aikin, kuma ita ce ba a cika sa wa kuɗi a kasafi ba. A bakin ƙofar kuma sai an fassara bayanai da kulawa. Babbar kwamfutar IBM tana rubuta haruffa da EBCDIC, sauran duniya da ASCII ko Unicode. Ana ajiye kuɗi a COMP-3, lambobi biyu a bait ɗaya da alamar ƙari ko ragi a ƙarshe, kuma wurin ɗigon ba ya cikin bayanan, yana cikin bayanin fayil. Kada ku bari kowa ya zuba waɗannan kuɗaɗen cikin nau'in lamba mai yawo da ɗigo. Ragowar da za ta ɓace ƙanƙanuwa ce a takarda ɗaya, amma a takardu miliyan masu binciken kuɗi za su gan ta. Ga kuma REDEFINES, inda gurbi ɗaya ke nufin abu biyu ko uku gwargwadon wata alama da ke can wani gurbin, da kwanan wata irin 999999 da ke nufin babu ranar ƙarewa.

Wani abu da ake mantawa: ƙofa tana ƙara wa tsohon tsari lodi. Da ma'aikata ɗari kaɗan ne ke tambayarsa a lokacin aiki. Da zarar kun buɗe manhajar waya, kowane kwastoma na iya duba bashinsa da tsakar dare, lokacin da aikin dare ya kulle fayiloli. Kuma a tsarin da IBM ya daɗe yana bi, kuɗin lasisin wasu manhajojinsa ya danganta da matsakaicin aikin sa'o'i 4 mafi nauyi a wata, don haka ƙarin tambaya ƙarin kuɗi ne. Maganin shi ne a riƙa kwafo canje-canje daga kundin rumbun bayanai zuwa wani rumbu na karatu kawai, duk mai son dubawa ya je can, a bar wa tsohon tsarin rubutu kaɗai.

Yanzu ga inda nake so ku fi daɗewa, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi, tun kafin a zaɓi wata fasaha. Ku tambayi tsare-tsarenku huɗu mene ne kwastoma, za ku sami amsa huɗu. Tsarin kuɗi ya san lambar asusu. Taswira ta san wurin da waya ta sauka daga taransifoma. Tsarin mitoci ya san lambar da ke jikin mita. Tsarin ƙorafi wataƙila lambar waya da adireshi kawai ya sani. Mutum ɗaya na iya riƙe asusu uku. Gini ɗaya na iya ɗaukar mita goma. Ana cire mita a kai ta wani gini. Mai haya ya tashi, asusu ya rufe, amma wayar tana nan. Tsofaffin tsare-tsare da yawa sun ɗaure waɗannan duka a lamba ɗaya, shi ya sa canza mita ke zama kamar an haifi sabon kwastoma. In kuka sa ƙofa a kan wannan ruɗanin ba ku warware shi ba, kun dai ba shi hanyar yaɗuwa da sauri.

Ba sai kun ƙirƙiro mafita daga farko ba. Akwai CIM, samfurin bayanai na bai ɗaya da ya samo asali daga aikin cibiyar EPRI ta Amurka a shekarun 1990, yanzu yana cikin ma'aunan IEC 61970 na ɓangaren kula da manyan layuka da IEC 61968 na ɓangaren rarrabawa da kwastomomi da mitoci. Ya raba kwastoma da asusu, ya raba asusu da yarjejeniyar ba da wuta, ya raba wurin da ake shan wuta da mitar da ke auna shi, ya kuma ba kowane abu lambar shaida ta dindindin, mRID, wadda ba ta ɗauke da wata ma'ana a cikinta balle ta canza. Mahaɗar shan wuta ita ce ginshiƙi, domin ita ce ba ta motsi: mutane da mitoci suna zuwa suna tafiya a kanta. CIM babba ne ƙwarai, kuma na ga inda aka ɓata shekara ana ƙoƙarin aiwatar da shi duka. Ku ɗebi abin da saƙonninku ke bukata, ku yi amfani da shi a matsayin harshen da ake magana da shi a bakin ƙofa, kowane tsari ya riƙe nasa fasalin a ciki.

Tare da wannan sai a yanke hukuncin da ya fi na fasaha wuya: kowane bayani wane tsari ne mai shi. Wane taransifoma ke ciyar da wane gini, taswira ce mai magana. Bashi, tsarin kuɗi. Karatun mita, tsarin mitoci. Sauran duk kwafi suke riƙewa, ba su da ikon gyarawa. Wannan zama ne na shugabannin sassa, kuma za a yi ta jayayya, domin kowane sashe ya yi imani nasa bayanan ne sahihai.

Ayyukan da za ku bayyana a ƙofar su zama manya, da sunan abin da kamfani ke yi: buɗe sabon haɗi, canza mita, karɓi biya, ba ni duk abin da ya shafi wannan asusun. Kowane aiki da ke canza wani abu ya zo da lambar shaida daga mai kira, ƙofar ta riƙa ajiye lambobin da ta gani. In kira ya dawo da lambar da aka riga aka yi wa aiki, a mayar masa da amsar farko ba tare da an sake komai ba. Wannan ƙaramar dabarar ita ce maganin matsalar biya sau biyu da na kawo a baya. Kuma yawancin abin da ke gudana tsakanin tsare-tsarenku ba ya bukatar amsa nan take. An canza mita, an rufe asusu, an dawo da wuta a layi kaza: sanarwa ce, a jefa ta a layin saƙonni irin IBM MQ ko Kafka, duk mai bukata ya ɗauka, wanda ya faɗi ya tarar da ita in ya tashi. Masu CORBA sun so a ɗaure tsare-tsare da yawa cikin ma'amala ɗaya mai mataki biyu, ko duka su rubuta ko duka su fasa. Tsakanin CICS da DB2 wannan yana aiki sumul. Tsakanin tsare-tsare huɗu na kamfanoni huɗu kuwa, ɗaya ya yi jinkiri sai sauran su riƙe makullai suna jira. Gara kowane mataki ya kammala nasa, a tanadi matakin warwarewa in na gaba ya gaza, dabarar da Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka bayyana tun 1987.

Akwai iyaka ɗaya da ba na sassauci a kanta. SCADA, wato tsarin da ɗakin kula ke sa ido da sarrafa layuka daga nesa da shi, da duk abin da ke iya buɗe ko rufe layi ba sa shiga wannan haɗin a matsayin objek da kowa zai kira. Bayani ya fito daga ɗakin kula da layuka zuwa ofis ta hanya ɗaya mai tsaro, umarni kada ya koma ta nan. A ranar 23 ga Disamba 2015 maharan da suka ɗauke wa kwastomomi kusan 225,000 wuta a Yukiren ta saƙon imel na yaudara suka fara shiga kwamfutocin ofis, daga nan suka lallaɓa har ɗakin kula. Ko ba mahara, manhajar ɗakin kula ba ta son a ɗora mata abin da ba a gwada ba. A babbar ɗaukewar wutar 14 ga Agusta 2003, wadda ta shafi mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada, manhajar ƙararrawa ta kamfanin FirstEnergy ta tsaya saboda ayyuka biyu sun yi karo a kan bayani ɗaya, masu kula suka shafe fiye da sa'a guda ba su san ta tsaya ba. Wancan ɓangaren yana da nasa ma'aunan, ICCP tsakanin ɗakunan kula, IEC 61850 a tashoshi, OPC UA a madadin tsohuwar OPC, a bar shi da su.

Idan kuna shirin sa mitoci masu aiko da karatu da kansu, kada karatun ya bi ta tsohon tsarin kuɗi ko kaɗan. An gina shi don karatu ɗaya a wata. Mita mai aikowa duk minti 15 tana ba da 96 a rana, mita miliyan ɗaya karatu miliyan 96 kenan kullum. Wannan aikin tsarin sarrafa bayanan mitoci ne na daban, shi zai tace ya cike giɓi ya miƙa wa tsarin kuɗi jimilla ɗaya da ya saba gani.

Batun jerin aiki kuwa, Michael Brodie da Michael Stonebraker sun shimfiɗa hanyar ƙaura kaɗan-kaɗan ta bayan ƙofa tun 1995, Martin Fowler kuma a 2004 ya kwatanta ta da wani nau'in ɓaure da ke tsirowa a jikin bishiya yana nannaɗe ta har ya tsaya da ƙafarsa bayan ta mutu. Ku fara da karatu kawai: allo ɗaya da zai nuna wa mai amsa kira bashi da mita da halin layin kwastoma a tare. Ba ya iya ɓata komai, kuma shi zai tona muku yawan bayanan da ba su dace da juna ba. Sai haɗa taswira da tsarin ƙorafi, domin kira goma daga ƙarƙashin taransifoma ɗaya su zama aiki ɗaya. Sai karɓar biya. Injin lissafin kuɗi shi ne na ƙarshe, kuma ko shi rukuni-rukuni: a ɗauki kwastomomi masu farashi mafi sauƙi, a lissafa musu a tsoho da sabo a tare na zagaye da yawa, a kwatanta takarda da takarda. Duk bambancin da ya fito ko dai kuskuren sabon ne, ko wata doka ce da aka manta, ko kuma kuskuren da tsohon ya daɗe yana yi ba a sani ba. Na ukun nan sai an shigo da lauyoyi da hukumar da ke sa ido kafin a taɓa shi. Zagayen gwajin ya haɗa da wata guda da farashi ya canza, kuma kada a kunna komai a lokacin da aka san layuka sun fi faɗuwa.

Yayin da kuke tsefe tsohon shirin, ku sa ido a kan gurabe masu iyaka. Mitocin biya kafin sha masu bin ma'aunin STS sun kasance suna ƙirga mintuna daga 1 ga Janairu 1993 a gurbi mai bit 24, gurbin kuma ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Sai da aka bi mitoci a ƙasashe da yawa ana shigar musu da lambobin canza makulli. Tsarinku ma yana da irinsu: lambar asusu da ta kusa ƙarewa, gurbin kuɗi da ba zai ɗauki ƙarin lamba ba. Waɗannan su ne ke faɗa muku ainihin lokacin da ya rage muku, kuma su ya kamata su tsara abin da za a fara zarewa.

Ku koma wurin mai ba ku shawarar da tambayoyi kaɗan. In kira ya tafi amsa ba ta dawo ba, me zai faru da kuɗin kwastoma? Kira nawa allo ɗaya zai yi? Wa zai mallaki rubutun yarjejeniyar kira, ku ko shi, kuma yaya za a canza ta ba tare da an tsayar da masu amfani da tsohuwar ba? Wane ɓangaren tsohon tsarin za a kashe a ƙarshen kowane mataki, a wace rana? Wannan ta ƙarshe ku sa ta cikin kwangila, domin ƙofar da ba a kashe komai a bayanta ba ƙarin tsari ce da za ku riƙa biya wa lasisi da ma'aikata. Sannan masu COBOL ɗinku da suka kusa ritaya ku sa su cikin ƙungiyar aikin tun ranar farko, da cikakken lokaci, a cire musu aikin gyare-gyaren yau da kullum, a haɗa kowannensu da matashin da zai riƙa rubuta kowace doka da suka tono a matsayin gwajin da kwamfuta za ta iya maimaitawa a kan tsoho da sabo.